Maganar Hannu da Jaririyata: Abin da Nake Rubutawa Tun Tana Wata Bakwai

4 ga Fabrairu

Yau na fara nuna wa 'yata alamomin hannu, kuma zan riƙa rubuta yadda abin yake tafiya, domin uwa mai goyo ba ta iya riƙe komai a ka. Watanta bakwai, tana zama da kanta, kuma duk inda hannuna ya nufa idonta na biye da shi.

Abin da ya ja ni shi ne jariri yana gane magana tun kafin ya iya furta ta. Kafin kalma ɗaya ta fito sai harshe da leɓe da muƙamuƙi da numfashi sun yi aiki tare, shi ya sa yawancin yara ba sa faɗin kalmar farko sai wajen shekara ɗaya. Hannu kuwa yana riga baki. Tun wajen wata tara yaro yake tafi, yake miƙa hannu a ɗauke shi, yake ɗaga wa mai tafiya hannu. Ke nan akwai watanni da yaro ya san abin da yake so sarai amma ba shi da hanyar faɗa sai kuka. Waɗannan watannin nake so in sauƙaƙa mana, ni da ita.

Da alamomi uku na fara. Nono: a buɗe hannu a dunƙule, a sake buɗewa a dunƙule, irin na mai tatsa. Ƙari: a tattara yatsun kowane hannu wuri ɗaya, a haɗa bakinsu, a ɗan buga. An gama: a ɗaga hannu biyu a juya tafin waje. Sharuɗan da na gindaya wa kaina su ne in faɗi kalmar da baki duk lokacin da na yi alamar, in yi ta daidai lokacin da abin yake faruwa, in yi ta kusa da fuskata inda take kallo, kuma ba zan taɓa hana ta nono ko abinci don ba ta yi alama ba.

11 ga Fabrairu

Babu wani labari. Tana kallon hannun, ta yi dariya, ta kamo shi ta kai baki.

19 ga Fabrairu

Mun sami ruɗani ni da babanta. Ya koyi alamar nono daga wani bidiyo a intanet, ni na koya daga wani daban, sai ga shi hannuwanmu ba sa yin abu ɗaya. Da muka bincika, nasa bidiyon na maganar hannu ta Birtaniya ne, nawa na Amurka. Mutane da yawa suna zaton maganar kurame iri ɗaya ce a duk duniya, alhali akwai harsunan hannu fiye da 300, kuma na Amurka da na Birtaniya ba sa jin juna duk da cewa masu ji a ƙasashen biyu Turanci suke yi. Na Amurka, wanda ake kira ASL, ya fi dangantaka da na Faransa, domin wani malami kurma daga can, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kurame a Amurka a 1817.

Mun tsaya a kan alamomin ASL saboda su muka fi samun hotunansu a bayyane. Wanda yake da kurma a danginsa ko maƙwabtansa, gara ya ɗauki alamomin da kuramen yankinsa suke yi, zai fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Abin da na kashe zuwa yanzu bai taka kara ya karya ba: littafin rubutu, da buga hotunan alamomi goma sha biyu da aka lulluɓe da roba don kada ruwa ya ɓata su. Na manna su a bangon inda muke ba ta abinci. Don manya na manna, ita ba ta da abin yi da hoto. Na ga ana tallar darussa masu tsada a intanet da alƙawarin yaro zai fi tsaransa basira. Ban saya ba.

2 ga Maris

Na ƙara alama ta huɗu, abinci: a tattara yatsu a kai baki. Babanta ya karɓi na lokacin wanka, ni na riƙe na cin abinci.

14 ga Maris

Mahaifiyata ta zo mana kwana biyu, ta ga ina ta buɗe hannu ina dunƙulewa a gaban yarinya. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ke, yarinya lafiyayya da kunnenta da bakinta, me ya kai ki koya mata maganar kurame? Idan ta saba da nuni ai bakin ba zai buɗe da wuri ba."

Na ce, "Mama, ai ba shiru nake yi ba. Duk alamar da na yi sai na faɗi kalmar, sau biyu ma ko uku."

Ba ta gamsu ba, kuma tsoronta ba na banza ba ne, don haka da dare na zauna na sake duba abin da masu bincike suka gano. Wasu malaman nazarin halayyar ɗan Adam biyu a Kalifoniya, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, su suka yayata wannan hanya. A 2000 suka fitar da sakamakon bincikensu a kan jarirai 103 da aka fara bi tun suna wata 11, inda suka ce waɗanda aka koya wa alamomi sun ɗan riga sauran a magana. Masu bita daga baya sun ce tsarin irin waɗannan binciken yana da rauni, bai kai a kafa hujja da shi ba. A 2013 kuma Elizabeth Kirk da abokan aikinta a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila suka bi jarirai 40 daga wata 8 zuwa wata 20, aka rarraba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Yaran da aka koya wa alamomi sun koya kuma sun yi amfani da su, amma bakinsu bai riga na sauran buɗewa ba, bai kuma makara ba. Bambancin da aka gani a wajen iyaye mata ne: sun fi lura da motsin 'ya'yansu da kallonsu, sun fi saurin amsa musu.

Da safe na gaya wa Mama haka ba ragi ba ƙari, cewa abin ba ya jinkirta magana, kuma ba na sa ran zai gaggauta ta. Ta ce to Allah ya sa albarka. Kafin ta tafi na hango ta tana gwada alamar ƙari da cokali a hannu.

29 ga Maris

Haƙori na fitowa, barci ya yi ƙaranci, alamomin ma ba kullum ake samun yinsu ba.

Abu ɗaya na lura: idan tana kwance ita kaɗai takan ɗaga hannu tana buɗe yatsu tana rufewa tana kallonsu, ba tare da tana neman komai ba. Ban ƙirga shi a matsayin alama ba. Ya tuna mini da binciken Laura Ann Petitto da Paula Marentette na Jami'ar McGill a Kanada, wanda ya fito a 1991. Sun nuna cewa jarirai kurame da iyayensu ke musu maganar hannu suna yin gwaranci da hannu, suna maimaita ƙananan motsi masu tsari kamar yadda jariri mai ji yake maimaita ba-ba-ba. 'Yata tana ji, kuma 'yan alamomi kawai take gani, saboda haka ba zan ce abu ɗaya ba ne. Amma yatsun suna ta atisaye.

10 ga Afrilu

Ta yi alamar farko.

Da hantsi ne, ta tashi daga barci, na zaunar da ita a cinyata ina gyara mata riga. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli ƙirjina, ta ɗago ta kalli idona, sannan ta ɗaga hannun dama daidai kafaɗarta ta buɗe ta rufe. Yatsun ba su dunƙule duka ba, babban yatsa yana waje, ƙaramin yana tsaye shi kaɗai. Ta tsaya tana jira. Na ce, "Nono? Nono kike so?" na yi mata alamar. Sai ta sake yi, da sauri wannan karon, har da ƙafa tana harbawa. Da na sa ta a nono ba ta fara sha nan take ba, sai da ta sake kallona tukuna, kamar mai tabbatar da cewa abin da ta yi ne ya jawo wannan.

Kallon nan da jiran nan su suka bambanta shi da wasan yatsun da take yi a kwance. Ta yi don ni, kuma ta san amsa za ta zo. Watanta tara da 'yan kwanaki. Wata biyu ke nan ana yi ba a ga komai ba, kuma duk mai son gwadawa ya shirya wa wannan shirun, don a nan mutane da yawa suke ajiye abin.

17 ga Afrilu

Nono ya zauna daram. Tana yi wa babanta ma, tana nuna ni. An gama ta fara fitowa, da hannu ɗaya, kamar mai korar ƙuda.

6 ga Mayu

Alamar ƙari ta fito, ta zo da matsala. Tafi take yi da dunƙulallen hannu maimakon haɗa yatsu, wannan ba komai, na gane. Matsalar ita ce ta mayar da ita alamar komai. Tana son ruwa, ƙari. Tana son a ɗauke ta, ƙari. Ta hango abin wasa a kan tebur, ƙari. A wajenta ma'anar ita ce "ina so," kuma da gaskiyarta, tunda duk lokacin da ta yi wani abu mai daɗi yana biyowa.

Jiya da yamma abin ya kai ga birgima. Ta yi ƙari, na ba ta abinci ta ture. Ta sake yi, na ba ta ruwa ta watsar. Ta yi ta buga hannayenta tana kallona, fuska ta yi ja, har ta faɗi a ƙasa tana kuka mai cin rai. Kukan ya fi na da zafi, domin yanzu ta san ta faɗi magana kuma ba a ji ta ba. Sai can na bi inda idonta yake komawa, ashe ƙofa take kallo. Waje take so a fita da ita.

Abin da zan yi: duk lokacin da ta yi ƙari zan tambaya, "Ƙarin me?" in nuna mata alamar abin da kansa. Na ƙara ruwa, waje, da ɗauke ni. Alamar ruwa ta ASL yatsu uku ake miƙewa a taɓa haɓa, ta yi wa jaririya wuya, don haka muna yin ta shan kofi, a lanƙwasa hannu a kai baki. Yanzu na fahimci dalilin da wasu masu gyaran maganar yara suke ba da shawarar a fara da sunayen abubuwa kafin ƙari. Mai farawa yau, ina ganin ya jinkirta ta.

21 ga Mayu

Ta ƙirƙiro alamarta. Kwana biyu tana ɗaga manuniya sama tana juya ta, na ɗauka wasa ne, sai da babanta ya lura ba ta yi sai a ɗakin da fanka take. Muka kashe fankar, ta yi alamar tana kallonmu. Muka kunna, ta yi dariya ta sake yi. Ba ta neman komai. Labari take ba mu, cewa ga wannan abin mai juyawa, kun gan shi?

Wannan ya sauya mini tsarin gaba ɗaya. Alamomin da na zaɓa tun farko duk na buƙatata ne: ci, sha, barci, canjin kunzugu. Su ne nake so in sani don aikina ya yi sauƙi. Ita kuwa abin da ya dame ta daban ne, fanka, fitila, kyanwar maƙwabta, tsuntsun da ke sauka a taga. Alamar barci na yi wata guda ina nunawa ko kallo ba ta ishe ta ba. Alamar tsuntsu, babban yatsa da manuniya a gefen baki ana buɗewa ana rufewa, a cikin 'yan kwanaki ta ɗauka.

Aikin Acredolo ma haka ya samo asali a 1982, lokacin da ta lura 'yarta mai shekara ɗaya tana shinshina hanci duk sanda ta ga fure. Yarinyar ce ta fara, uwar ta bi. Ni ma daga yau sai na ga inda idonta ya tsaya kafin in zaɓi sabuwar alama. Ta fanka kuma mun bar ta yadda ta ƙirƙira, duk gidan haka muke yi.

9 ga Yuni

Waɗanda take yi da kanta yanzu: nono, ƙari, an gama, abinci, ruwa, tsuntsu, fanka, fitila, kyanwa, littafi. Kyanwa a kunci take ja maimakon gefen baki. Ba na gyara mata hannu, ni dai ina ci gaba da yin daidai a gabanta. Ƙari ta ragu sosai tun da sauran suka samu.

30 ga Yuni

Ta cika shekara, ta fara tata, alamomi sun ɓace. Kusan mako biyu ke nan ba ta yin komai sai nono, shi ma sai ta matsu. Hannayen suna da wani aikin yanzu: dafa kujera, riƙe bango, ware su gefe don kada ta faɗi. Ko na durƙusa a gabanta ina alamar tsuntsu, ta kafaɗata take leƙe tana neman inda za ta dafa.

Raina ya ɗan sosu, don na yi zaton aikin wata biyar ya tafi. Babanta ya ce, "Ki bar ta, ƙafa take koyo, ba za ta haɗa biyu ba." Haka nake gani ni ma, domin fahimtar tana nan. Idan na yi alamar littafi ba tare da na yi magana ba, sai ta juya ta nufi inda littattafanta suke. Ban ƙara sabuwa ba, ina dai maimaita tsofaffin a lokacin cin abinci da wanka, inda dole ta zauna wuri ɗaya.

18 ga Yuli

Sun dawo, har da ƙari a kai. Takalmi ta shigo, da kare.

Sabuwar matsala daga wajen reno ce. Na koma aiki, tana wuni a hannun mai reno, mace mai haƙuri da son yara, amma ba ta san alamomin ba. Ran nan na dawo na tarar da yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mai renon ta ce tun azahar take juya hannu tana ture kwano, ita kuma ta ɗauka wasa take yi, ta ci gaba da ba ta. An gama take cewa. Wanda ya saba a ji shi, ranar da ba a ji shi ba abin ya fi masa ciwo.

Hotunan bango ba su wadatar ba, saboda su alamar manya suke nunawa, ita kuma tata ta sha bamban. Don haka na ɗauki gajerun bidiyo na yarinyar da kanta tana yin kowace alama, na tura wa mai renon a waya. Na kuma rubuta takarda guda: yadda take yi, da abin da take nufi. Muka zauna tare muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Maman yarinya, ashe duk wannan motsin magana ce?" Kwana kaɗan bayan haka ita ce ta gaya mini cewa shafa ƙirji da take yi wanka take nufi, ni ban ma lura ba. Kuɗin da ya fita a wannan karon na sake buga hotuna ne kawai don a ajiye a can.

8 ga Agusta

Mako mai nauyi. Tun watan jiya nake nuna mata alamar ciwo: a miƙe manuniya biyu suna fuskantar juna, a haɗa bakinsu a daidai wurin da ke ciwo. Duk sanda ta buge gwiwa ko ni na buge hannu, sai in yi alamar a wurin, in ɓata fuska, in ce "ciwo." Ba ta taɓa mayar mini ba.

Daren Litinin ta tashi da zazzaɓi da kuka, bayan mura ta 'yan kwanaki. Ta ƙi nono, ta ƙi kwanciya. Na duba ciki, na duba haƙori, ban ga komai ba. Ina riƙe da ita a kafaɗa sai ta janye jikinta, ta haɗa yatsu biyu, ba manuniya kaɗai ba, duk hannun, ta kai su gefen kanta na hagu. Ta yi haka tana kuka tana kallona. Na taɓa bayan kunnen, ta zabura.

Da safe likita ta haska kunnen ta ce dodon kunnen hagu ya yi ja ya kumbura. Ta yi bayani cewa ciwon ya zama ruwan dare ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu, saboda 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro gajera ce a wajensu kuma a kwance take, mura tana saurin hawa ta toshe ta. Likitar da ma za ta duba kunnen ko da alama ko babu, wannan aikinta ne. Amfanin alamar a wajena shi ne na daina lalube cikin dare, na san inda zan kiyaye kada in kwantar da ita a kai, kuma ita ta ga an gane ta.

Likitar ta ƙara da cewa ruwa yakan zauna a bayan dodon kunne na makonni bayan ciwon ya tafi, ji yakan ragu a lokacin, don haka mu dawo a sake dubawa. Ta ja hankalina a kan wani abu da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe: yaron da ke yin alamomi da kyau zai iya rufe matsalar ji ba a sani ba, tunda ana fahimtar juna a gida. Idan yaro ba ya juyowa in an kira sunansa, ko gwarancinsa ya tsaya, a kai shi gwajin ji, kada a ce ai yana nuni.

25 ga Agusta

An sake duba kunne, ya washe. Tana juyowa ko da raɗa aka kira ta. Kalmomin baki zuwa yanzu: baba, mama, da wani "wawa" da take nufin ruwa.

23 ga Satumba

Yau ce ranar harsunan hannu ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara raya ta a 2018. Na je wani zama da wata malama kurma take koyarwa, na biya kuɗin zama ɗaya, kuma shi ne kuɗi mafi amfani da na kashe a wannan aikin.

Abin farko da ta gyara mini fuska ce. Na yi mata alamar ciwo da hannu daidai, ta girgiza kai, ta nuna fuskata ta rubuta a takarda cewa hannuna yana cewa ciwo, fuskata tana cewa lafiya lau. A maganar hannu gira da ido da baki da karkata kai duk cikin nahawu suke. Ɗaga gira yana mayar da zance tambaya. Saurin motsi da girmansa suna sauya ma'ana. Na kalle ta tana ba da labari da wata ɗalibarta, hannu da fuska da kafaɗa duk suna aiki, ban tsinci ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Abin da muke yi a gida tsintar kalmomi ne daga harshen wasu, ba harshen ba ne, kuma ya kamata a faɗi haka. Sai a 1960 William Stokoe na kwalejin Gallaudet a Washington ya nuna wa masana cewa ASL cikakken harshe ne mai tsarinsa, bayan shekaru masu yawa ana hana yara kurame yin sa a makarantu ana tilasta musu karatun leɓe. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma da yawansu suna tasowa ba a yi musu maganar hannu a gida. Abin yana damuna: 'yata mai ji ana yaba mata don ta iya alamar tsuntsu, yaron da wannan ce kaɗai hanyarsa ta samun harshe kuma ana hana shi. Yaro kurma ba alamomi ashirin yake buƙata ba, cikakken harshe yake buƙata tun yana jariri, daga hannun masu shi.

14 ga Oktoba

Ta fara haɗawa. Da safe babanta ya fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce "baba" da baki, ta yi alamar takalmi da hannu. Jiya kuma tsuntsu ya tashi daga taga, ta yi alamar tsuntsu sannan ta yi an gama. Wato tsuntsu ya tafi. Ba wanda ya koya mata amfani da an gama ta wannan hanyar, a wajen abinci kaɗai muke yin ta.

Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow sun nuna a 2005 cewa yaro yakan fara haɗa kalma ɗaya da nuni ɗaya, kamar ya nuna abu ya faɗi wata kalma daban a kansa, 'yan watanni kafin ya fara haɗa kalma biyu da baki. Binciken nasu a kan nuni na yau da kullum ne da kowane yaro yake yi, ba alamomin da aka koyar ba, amma abin da nake gani a gabana ya yi kama da shi ƙwarai.

Wasu alamomin sun fara faɗuwa. Tun da bakinta ya iya "wawa" ta daina alamar ruwa, sai in tana da abu a baki ko tana kuka. Kyanwa ma ta koma "miya." Ba na riƙe su. Wadda ta ajiye, na bar ta ta tafi.

3 ga Nuwamba

Watanta goma sha shida. Kalmomin baki suna ƙaruwa kusan kowane mako, kuma an ce wajen wata 18 yara da yawa sukan yi tsalle a yawan kalmomi, don haka ina sa ran alamomin sunayen abubuwa za su ci gaba da raguwa da kansu. Ba zan ƙara irinsu ba.

Abin da ya rage shi ne wuraren da baki yake gazawa ko da ya iya magana, wato lokacin fushi da tsoro da gajiya. A nan zan sa ƙarfi a watanni masu zuwa. Na fara da taimaka, a ɗora dunƙulallen hannu a kan tafin ɗayan a ɗaga su tare, saboda yawancin birgimarta yanzu daga abin da ta kasa buɗewa ko ta kasa hawa take tasowa. Bayanta tsoro, sai zafi don murhu da ruwan wanka, sai jira. Alamar bayan gida zan shigo da ita tun yanzu a lokacin canjin kunzugu, don ta riga ta san ta kafin lokacin koyon fo ya zo.

Takardar mai reno tana buƙatar sabuntawa, rabin abin da ke ciki ya tsufa, zan sake ɗaukar bidiyon a ƙarshen mako. Na kuma yi rajistar darasin malamar nan na wata uku, ni da babanta, za mu fara a makon farko na Disamba.